Diyyar Hannun Lauwali

Shafi na 17

Ku da kuka dame ni da saƙo cewa na bar ku tsaye a ƙofar ofis kwana biyu, to ku kakkaɓe takalmi, yau za mu shiga. Mai cin abinci ya fara ajiye cokali.

*

"Malami Zagga!"

Masinjan kamfanin hanya ne ya leƙo daga ƙofar ofis ya kwaɗa kiran.

Asama'u ta waiga hagu, ta waiga dama. Ina Yaya Malami a nan? Wan mijinta ne, kuma wata biyu ke nan ba wanda ya sa shi a ido, tun makon da injin fasa dutse ya cinye hannun ƙaninsa. An ce ya tafi fatauci Yawuri. Ko sannu bai zo ya yi ba.

"Malami Zagga! Ko ba ya nan ne?"

Sai ta ga mijinta Lauwali ya dafa bango da hannun hagu ya miƙe.

"Baban Mero, ba kai anka kira ba."

"Zauna nan," ya ce, bai dube ta ba. "Komi kij ji, kada ki shigo."

"To ai Yaya Malami anka..."

"Na ce ki zauna."

Ya shige, dungulmin hannunsa na dama a ɓoye cikin riga.

Asama'u ta bi bayansa da kallo, baki sake. Shekara shida suna tare, bai taɓa yi mata magana da wannan muryar ba.

Sati uku ke nan da aka sauke tutar Ingila a Bagudo aka ɗaga kore da fari. Baturen kamfani har ya ɗaure akwatunansa, ran Juma'a zai tafi. Shi ya sa gwamnati ta aiko jami'in ƙwadago daga Kaduna, wani Malam Bunyaminu, ya sallami duk leburan da ya ji rauni kafin a rufe littafi. Ɗanliti, heluman da ke shugabantar leburori, har gida ya same su a Zagga ya ce kada su wahalar da kansu, shi zai karɓo musu ya kawo. Ita ce ta ƙi. Ta ce wanda ya ba da hannu shi zai je ya karɓi diyya. Da ƙyar ta ja Lauwali suka taho.

Zaman ya gagare ta. Ta gyara goyon Mero, ta lallaɓa ta tsaya jikin taga.

Malam Bunyaminu na zaune bayan tebur, da tabarau da alƙalami. Ɗanliti na tsaye a gefe da littafin biya a hammata. Abin da ta fara lura da shi, fuskar Ɗanliti. Tun da Lauwali ya shigo ta canza, kamar wanda ya ga maciji a cikin takalminsa.

"Kai ne Malami Zagga?"

"Ni na, ranka shi daɗe."

Asama'u ta dafe ƙirji.

"Nuna mini."

Lauwali ya zaro dungulmin. Jami'in ya cire tabarau ya duba, ya girgiza kai.

"Sannu, bawan Allah. Allah ya sa kaffara ce. To ka saurara. Doka ta yanke wa kowace gaɓa kuɗinta. Babban yatsa fam arba'in. Ido ɗaya fam tamanin. Hannu daga wuyan hannu, fam ɗari da ashirin."

Asama'u ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ashe haka ake yi wa ɗan Adam farashi, gaɓa-gaɓa, kamar a teburin mahauci? Amma fam ɗari da ashirin! Shanun huɗa biyu ke nan da gona, har a ɗauki mai riƙe garma. Mutumin da ba zai sake riƙe hauya ba, da wannan kaɗai zai ci abinci har ya mutu.

"Abin da heluma ya rubuta a nan," jami'in ya ci gaba, "rauni a hannun dama, shi ke nan. Bai faɗi iyakarsa ba. Ina takardar likita?"

Lauwali ya sunkuyar da kai.

"Ta ɓace, ranka shi daɗe."

"Ta ɓace? Wane asibiti aka kai ka?"

"Ƙetare. Asibitin mishan, ƙasar Faransa."

"Dahome? Me ya kai leburan Nijeriya asibitin Dahome?"

"Heluma yac ce can ya hi kusa."

"To in babu takardar likita, ni ba ni da ikon biya. Sai an tura ka Sakkwato a duba ka, kafin nan kuwa kamfani ya tafi."

Ai Asama'u ba ta san lokacin da ta bar tagar ba. Takardar tana nan a ƙulle a bakin zanenta. Shekaranjiya ya miƙa mata ita ya ce ta jefa a murhu. Ta ɗauka zafin ciwo ne ke sa shi magana, ta ɓoye abarta.

Ta ture masinja ta faɗa ofis, ta durƙusa.

"Ranka shi daɗe, ba ta ɓace ba! Ga ta nan!"

"Ma'u!"

Yadda Lauwali ya kira sunan, sai da Mero ta farka a baya ta fashe da kuka.

Amma takarda ta riga ta isa hannun jami'i.

Ya warware ta a hankali. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta.

"Ba na jin Faransanci," ya ce. "Amma suna ko da wane harshe aka rubuta shi, suna ne. Nan ba Malami aka rubuta ba."

Ya juyo ya dubi Asama'u.

"Baiwar Allah, ke matarsa ce?"

"E, ranka shi daɗe."

"Mene ne sunan mijinki?"

Asama'u ta ja mayafi ta rufe baki. Wace irin tambaya ce wannan? Tun ranar da aka kai ta ɗakinsa sunan nan bai taɓa fita daga bakinta ba. Ko yaron maƙwabta mai irin sunan, "mai sunan maigida" take ce masa.

"Baban Mero na."

"Na ji. Sunansa na yanka nake tambaya."

"Ranka shi daɗe, ba a hwaɗi."

"Yau za a faɗa. Fam ɗari da ashirin ne a kan bakinki."

Ta ɗago ta dubi Lauwali. Idanunsa sun yi jawur, yana girgiza mata kai a hankali. Ta ɗauka kunya yake taya ta. Ta ɗauka cewa yake, kada ki zubar da mutuncinki saboda kuɗi.

Sai ta ce a ranta, mutumin da ya ba da hannu saboda mu, ni ba zan iya ba da kunyar rana ɗaya ba?

Ta runtse ido.

"Lauwali."

Ta ji sunan ya fito baƙo a bakinta, kamar ba ita ta faɗa ba.

Lauwali ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Alhamdu lillahi!" Ɗanliti ne ya tafa hannu. "Ranka shi daɗe, shiru niy yi in ga inda ƙarya za ta kwana. Wanga mutum ba leburana ba na. Ban taɓa ɗaukar wani Lauwali aiki ba. Duba littahi!"

"Ɗanliti!" Asama'u ta juya kansa. "Kai da ka ci tuwo gidanmu ran Talata? Kai da ka ɗauko shi cikin jini bisa bayanka?"

"Taimakon Musulunci niy yi. Laihi na?"

"Ya isa," in ji jami'in. Ya dubi Lauwali. "Tashi ka gaya mini gaskiya. Ita kaɗai ta rage maka."

Lauwali bai tashi ba. Daga nan ƙasa ya yi magana, murya a dushe.

"Malami wana na, uba ɗaya. Shi Zagga anka haihe shi. Ni uwata 'yar ƙetare ta, can anka haihe ni, can sunana yake cikin littahin haraji. Da kamfani yaz zo, sunka ce ba su ɗaukar kowa sai mai takardar harajin Ingilishi."

"Sai ka ari ta ɗan'uwanka."

"Heluma yab ba ni shawara. Yac ce Bature bai san Malami ba, bai san Lauwali ba, dud baƙaƙe muke gare shi. Kowane wata sule biyu nika ba shi na rihin asiri. Sule ɗaya na Yaya, ladan suna."

"Ƙarya yake!" in ji Ɗanliti.

"Wata nawa ka yi kana aiki?"

"Goma sha huɗu."

Asama'u ta ji ƙasa na juyawa da ita. Wata goma sha huɗu tana tashi da asuba ta dama masa fura, ta raka shi bakin ƙofa, ashe da ya sha kwana wani mutum yake zama.

"Baban Mero," ta ce, "ni ma ba ka iya gaya min?"

"Da na gaya miki, da kin hana ni. Da mi za mu ci? Gero ya ƙone shekara biyu."

"Da ka gaya min, da ban hwaɗi ba yanzu!"

"Na sani, Ma'u. Ba laihinki ba na."

Wannan kalmar ce ta karya ta. Da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta kifa kai a gwiwa ta yi ta kuka, Mero na taya ta daga baya.

Malam Bunyaminu ya daɗe yana juya alƙalami a hannu. Can ya nisa.

"Ka yi laifi, bawan Allah. Aiki da takardar wani laifi ne, kuma ana iya ɗaure ka a kansa."

"Innalillahi," in ji Asama'u.

"Tsaya, ban gama ba. Ni ba alƙali ba ne, diyya aka aiko ni in biya. Ita kuwa doka, jikin da ya yi aiki take biya, ba sunan da ya amsa ba. In na tabbatar kai ne ka yi wata goma sha huɗun nan a bakin inji, wallahi sai an biya ka, ko sunanka Shaiɗan."

Asama'u ta ɗago kai.

"Heluma, kawo littafin biya."

Ɗanliti ya ɗan yi jim, sannan ya miƙa. Jami'in ya buɗe, ya juyo da shafin yadda kowa zai gani. Ga layi nan, dangwale goma sha huɗu na shuɗiyar tawada, ɗaya ƙarƙashin ɗaya.

"Kun ga wannan? Duk wata, wanda ya karɓi albashi shi ke dangwalawa. Zanen yatsa ba ya ƙarya. Allah bai halicci biyu iri ɗaya ba, ko tagwaye. Wa ya yi waɗannan?"

"Ni, ranka shi daɗe. Dukansu."

"To magana ta ƙare. Masinja, kawo tawada."

Asama'u ta share hawaye da gefen mayafi. Allah mai iko! Ashe akwai sauran mutanen kirki a duniya. Har ta fara yi wa jami'in addu'a a zuci, shi da iyayensa.

Masinja ya ajiye kwalin tawada da farar takarda a bakin tebur.

"Matso. Kawo babban yatsanka na da..."

Jami'in ya tsaya cak.

Ya dubi littafin. Ya dubi dungulmin.



"Da wane hannu kake dangwalawa?" ya tambaya a hankali, kamar mai tsoron amsar.

"Na dama. Heluma ba ya yarda da hagu."

"Ga na hagun!" Asama'u ta kamo hannun mijinta ta ɗaga sama. "Ranka shi daɗe, ga shi nan lahiya lau! Jiki ɗaya na, jini ɗaya!"

"Ba ya yi, baiwar Allah. Na hagu daban, na dama daban."

"A gwada dai!"

"Ko an gwada ba zai yi ba."

Ya cire tabarau ya murza ido. Sannan ya yi wata tambaya da shi kansa ya ji nauyinta.

"Hannun... an binne shi? A ina?"

Lauwali ya yi wata dariya marar daɗin ji.

"Inji bai tsaya ba, ranka shi daɗe. Heluma yac ce in an kashe shi, tashinai sai an ɗauko makaniki daga Sakkwato. Yah haɗa da tsakuwa. Washegari anka shimhiɗa."

"Aka shimfiɗa?"

"Bisa hanya. Tsakanin nan da Lafagu. Motarka ta bi ta kai da za ka shigo gari."

Alƙalami ya suɓuce daga hannun Malam Bunyaminu ya gangara ƙasa. Ba wanda ya sunkuya ya ɗauka.

Asama'u ma yau ta fara ji. Ce mata aka yi an yi masa sutura an binne. Jiya da ƙafarta ta taka hanyar nan, har tana yaba santsinta.

Ta toshe baki.

"Sauran leburori fa?" in ji jami'in. "Ba wanda zai yi shaida?"

"An sallame su tun sati biyu," Ɗanliti ya amsa da sauri. "Kowa ya kama gabanai. Rabinsu ma 'yan ƙetare..." Ya haɗiye sauran.

"'Yan me?"

"'Yan ƙauye, ranka shi daɗe."

Jami'in ya dube shi, dogon kallo. Sannan ya juyo.

"Saura hanya ɗaya. A nemo Malami na gaskiya. Ya zo gabana ya rantse shi ya ba da aron takarda, ya dangwala in ga zanensa bai yi daidai da na littafi ba. In na ga haka, zan rubuta da hannuna cewa ba shi ya yi aikin ba, kai ne. Amma gobe da azahar zan tashi."

"Za ya zo!" Asama'u ta miƙe tsaye. "Jininai na. Ko Yawuri yake, yau zan shiga jirgin ruwa in taho da shi."

"Ba sai kin sha rana ba."

Ɗanliti ne. Tsoron da ke fuskarsa ɗazu ya tafi, murmushi ya maye gurbinsa.

"Mai suna yana nan. Tun hantsi shika zaune ɗakin ajiya yana jiran a kira shi, wanga ɗan ƙetare yar riga shi tashi." Ya leƙa ƙofar baya. "Malami! Shigo!"

Labule ya ɗaga.

Shi ne. Ya rame, ido ya faɗa, babbar riga ta yi masa yawa. Hannunsa na dama na cikin riga.

"Yaya!" Lauwali ya yunƙura zai tashi. "Yaya, Allah ya kawo ka. Gaya musu. Gaya musu ni na..."

Malami ya wuce shi kamar ya wuce turmi. Ya durƙusa gaban tebur.

"Ranka shi daɗe. Ni na Malami Zagga."

"Ka san wannan?"

"Ƙanena na."

"Ka ba shi aron takardar harajinka?"

"Ban ba kowa ba. Ni niy yi aikina, wata goma sha huɗu. Shi can Faransa yaj ji ciwonai, ga takardar likitansu nan gabanka."

"Yaya Malami!" Asama'u ta ɗora hannu a ka. "Ka ji tsoron Allah! Wane aiki? Kai da ko rani ko damina kana gindin tsamiya kana dara?"

"Ki iya bakinki, Asama'u. Ba da ke nika magana ba."

Lauwali kallon wansa kawai yake, baki buɗe, kamar yaron da uwarsa ta ce ba ta san shi ba a tsakiyar kasuwa.

Malam Bunyaminu ya tura kwalin tawada gaba. Muryarsa ta yi sanyi ƙalau.

"Madalla. Tunda kai ka yi aikin, abu ya zo da sauƙi. Dangwala mu gani."

Asama'u ta ji zuciyarta ta yi tsalle. Yawwa! Nan ƙarya za ta ƙare. Ta dubi Ɗanliti don ta ga yadda zai yi.

Murmushinsa na nan, ko gezau.

Malami ya zaro hannu daga cikin riga. A naɗe yake da farin ƙyalle.

"Ranka shi daɗe, da mi zan dangwala? Ai shi na abin da ya kawo ni."

Ya kama bakin ƙyallen da haƙori ya fara warwarewa. Naɗi ɗaya. Naɗi biyu. Ƙyalle ya faɗi ƙasa.

Yatsu huɗu.

Babban yatsa babu shi, tun daga tushe.

Masinja ya yi salati ya ja da baya. Lauwali ya yi wani irin sauti a maƙogwaro, ba kuka ba, ba magana ba.

"Yaya... mi ka yi wa kanka?"

Malami bai juyo ba. 

Asama'u ta kasa ɗauke ido. Wata biyu tana wanke raunin mijinta safe da yamma, ta san yadda cin inji yake, yadda yake tauna nama ya bar shi kaca-kaca. Wannan sumul yake. Wuƙa ce, mai kaifi, a hannun gwani. Kuma ya bushe har ya yi sabuwar fata. Ba aikin yau ba ne, ba na jiya ba. Lokacin da Lauwali ke kwance a asibitin ƙetare yana kiran sunan wansa cikin zazzaɓi, lokacin aka yi shi.

Ta ƙara matsawa.

Sai ta ga abin da ya tsayar mata da numfashi.

A gefen tabon akwai ɗigon ƙuna uku a jere, inda aka ɗora ƙarfe mai zafi don a tsayar da jini. Biyu manya, na tsakiya ƙarami.

Wanzami ɗaya ne ke irin wannan aikin a duk ƙasar Zagga. Tun tana 'yar shekara bakwai ita ke hura masa wutar da yake gasa ƙarfen.

Babanta ne.

Ta dafa tebur.

Malam Bunyaminu ya mayar da tabarau, ya dube ta.

"Baiwar Allah, ɗazu na tambaye ki kin gaya mini gaskiya. Na ga kin ƙura wa hannun nan ido."

Ya buɗe sabon shafi, ya ɗauki wani alƙalami.

"Kin san wanda ya yi wannan yankan?"